Ranar Miƙa Lai'atu

Kafanchan, watan Mayu

Zuwa ga 'yata Doreen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Gershon da 'yar baƙuwarmu. Ni ma lafiya lau, sai gwiwa da ke sanar da ni ruwa kafin hadari ya haɗu. Damina ta sauka, na shuka masara a bayan gida, citta kuma na lulluɓe ta da ciyawa, saura na Allah ne.

Kada ki yi dariyar ganin takarda a zamanin waya. Kin san jirgin ƙasa ya cinye mini kunnuwa tun ina aikin reluwe. Ranar da Gershon ya kira ni, na yi ta ihun "Wa ke magana?" har maƙwabta suka leƙo, ashe bawan Allah albishir yake yi mini. Sai da Misbahu direba, mai jigila tsakanin nan da Kagarko, ya tsaya a ƙofar gida ya faɗa mini da baki da hannu cewa kin sauka lafiya, mace, an sa mata Lai'atu. Ya ce duk takardar da zan rubuta in ba shi, zai kai.

Sunan nan ya taɓa ni ƙwarai. In aka bi lissafi, ni da marigayiya mahaifiyarki Lai'atu dangi ne na nesa, kakanninmu ne wa da ƙani, amma tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. Ita ta koya mini satar gyaɗa a rumbu, kuma ita ke fara tona mini asiri. Yanzu ga wata Lai'atun ta zo, Allah ya sa ta fi ta riƙe baki.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Haihuwar nan tun kafin Ista ce, na ji har yarinya ta riƙe wuya, amma ba wanda ya faɗa mini ranar da za ku kai ta gaban ikilisiya a miƙa ta ga Ubangiji. Na ba da babbar rigata an wanke an goge. Ina so in zauna a gaba in ga fasto ya karɓe ta daga hannunki ya ɗaga ta, mata suna guɗa, ko da ni ba zan ji guɗar sosai ba. Ko kun yi ne a ɓoye don kada tsoho ya zo ya cinye muku shinkafa?

Naki,
Kawu Kumai

Kagarko, watan Yuni

Kawuna,

Na gaishe ka da kyau, yaya gwiwa, yaya aikin gona? Takardarka ta faranta mini rai, na karanta wa Gershon, ya ce har yanzu kunnensa na dama bai dawo daidai ba tun ranar da ya kira ka. Mu duka lafiya. Na koma makaranta, ina barin Lai'atu wurin maƙwabciya in dawo a guje lokacin hutun tara in ba ta nono. Ta yi ɓul-ɓul, goshin Mama ne da ita sak, kuma in ta yi dariya har da ƙafafu take yi.

Ba mu yi miƙawar ba, Kawu, kuma ba Gershon ne ya hana ba. Ni ce. Mama Bridget, shugabar zumuntar mata, ba ta gajiya da tambaya. Duk Lahadi sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Doreen, wannan bebi zai yi haƙori kafin ki kawo shi gaba? Mun riga mun koyi waƙa fa." In ce mata muna shiri. Ba shirin da muke yi.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, tun da takarda ba ta kallon mutum a ido. Ina jin tsoro. A coci benci na ƙarshe nake zama, in rufe ta da zani kamar ana sanyi. In na tuna zan tsaya a gaba in buɗe hannu in ce wa Allah ga ta, sai in ƙara ƙanƙame ta. Gani nake kamar zan nuna masa daidai wurin da in ya taɓa ni ba zan tashi ba. Gara ya ɗauka ban damu da ita sosai ba.

Na san wannan ba maganar mai bi ba ce. Ina addu'a, ina kiransa Ubangiji, ina kiransa Mai Iko Duka, waɗannan ba su yi mini wuya. Amma in jama'a suka tashi yin Addu'ar Ubangiji, nakan bar kalmar farko ta wuce, in shiga daga ta biyu. Kalmar Uba ba ta fita a bakina. Ka ajiye rigarka tukuna, ka yi mini addu'a.

'Yarka,
Doreen

Kafanchan, watan Yuni

'Yata Doreen,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya muke, masara ta kai gwiwa.

Na karanta takardarki na yi murmushi. Tsoron haihuwar fari ne, kowace uwa ta yi shi. Marigayiya matata da ta haifi ɗanmu na fari, ko ƙuda ya sauka a kansa sai ta kira ni daga wurin aiki.

Ki yi tunani mana, malama guda. Wa ya ba ki yarinyar? Wanda ya ba ki ita da hannunsa, shi za ki ɓoye wa? Uba ba ya ba ɗansa abu don ya dawo ya ƙwace. Ke da kika tashi a gidan Dattijo Andrawus, gidan da ba a taɓa fashin sujadar safe ba, ai ke ya kamata ki koya wa wasu wannan. Da mahaifinki yana da rai, da tuni ya sa an tsai da rana.

Ki share hawaye ki je ki ga fasto. Rigar tana rataye.

Kawunki,
Kumai

Kafanchan, watan Agusta

Doreen 'yata,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Misbahu ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu wofi. Ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin karɓa kin yi godiya, kuma yana ganinki a hanyar makaranta da goyo, ke da yarinya ba abin da ya same ku. Wannan ya kwantar mini da hankali ta gefe ɗaya, ya tayar ta ɗaya gefen.

Masara ta yi goyo har mun fara gasawa, ban ji daga gare ki ba. Na zauna na bi abin da na rubuta miki a kaina, layi bayan layi, ban gano inda na taka ki ba. Amma na san na taka. Tsufa ya sa ina saurin ba da amsa kafin in gama jin tambaya, kurma kuwa dama haka yake.

In faɗa ne, ki rubuto ki yi mini faɗan. Na fi son sa da shirun nan. Ga ɗanyar masara na aiko, ki gasa wa Gershon.

Kawu

Kagarko, watan Agusta

Kawu,

Na gaishe ka. Mun ga masara, mun gode, Allah ya ƙara albarka. Lai'atu ta fara zama, tana kifewa tana tashi. Ka yi haƙuri da shiruna. Na fara amsa takardarka sau da yawa ina yagewa.

Ka ce uba ba ya ba ɗansa abu don ya ƙwace. Nawa ya yi, Kawu.

Ina aji uku a firamare na zo ta ɗaya. Baba ya dawo daga kasuwa da 'yar akuya ja mai farin kunne, ya sa igiyar a hannuna a gaban kowa ya ce tawa ce. Ban taɓa samun abu nawa ba sai ranar. Ni ke yanko mata ciyawa, ni ke ɓoye mata ƙanzo, in na dawo makaranta tun daga nesa take gane tafiyata ta fara kuka. Ban iya ɓoye murnata ba, yarinya ce ni.

Wata safiya ruwa ya sauko ana shirin sujada. Na ruga na kwance ta daga gindin mangwaro na kai ta zaure, na shigo an riga an fara waƙa. Baba ya gama karatu, ya yi addu'a mai tsawo, muka ce amin. Sannan ya ce na yi gunki a gidansa, kuma duk abin da mutum ya ƙaunata har ya sa Allah jira, karɓewa ake yi. Ya sa na riƙe mata ƙafafu ya yanka. Ba wuƙar yake kallo ba, fuskata yake kallo. Da rana aka zuba mini naman, ya zauna kusa da ni da bulala a cinya har na cinye.

Ba a nan ya tsaya ba. Rigar da ya ga ina yawan sawa, ya ba wata. Ƙawar da ya ga muna dariya tare, ya hana ta shigowa. Da malamin waƙa ya yaba muryata a gabansa, ranar na bar ƙungiyar mawaƙa. Dukan da ake yi mana bayan sujada in mun yi tuntuɓe a ayar haddacewa, wannan ma ban sa shi a lissafi ba, jiki yana mantawa. Abin da ya zauna mini shi ne dabarar da na koya: in ina son abu, in ɗaure fuska in yi kamar ban gan shi ba. Mama ma haka take yi. Ba ta taɓa rungume ni yana gida ba, sai ta ji ƙarar kekensa ta yi nisa.

A waje kuwa Dattijo Andrawus ne, mai sulhunta ma'aurata, mai addu'a har mutane su yi kuka. Ranar jana'izarsa kowa ya tashi ya ce ya nuna mana yadda Uba na sama yake. Na zauna cikin ankon iyali ina ji, na ce a raina, to, in haka yake, na shiga uku.

Shi ya sa da ka rubuta cewa wanda ya ba ni ita ba zai ƙwace ba, na ji kamar an sake sa mini igiya a hannu. Ban yi fushi da kai ba. Na ji ciwo ne, kuma na ji kunyar cewa ina da digiri, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma ina wasan ɓuya da Allah.

'Yarka,
Doreen

Kafanchan, watan Satumba

'Yata, 'yar Lai'atu, uwar Lai'atu,

Na gaishe ki. Jikina da sauƙi. Takardarki na karanta ta a tsaye, na ninke, na tafi gonar citta na zauna a kan kunya har rana ta take, ban cire ko ciyawa ɗaya ba.

Na yarda da ke, kowace kalma. Shekarun nan ina can layin Gombe, sai Kirsimeti nake zuwa, in ga yarinya shiru-shiru a ce mini ladabi ne da ita. Abin da Andrawus ya yi miki mugunta ce. Ajiye Littafi kusa da wuƙa bai mai da ita ibada ba. Ya ɗauki sunan da ba nasa ba ya yi ɓarna da shi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, har da na tuna na yi masa waƙa a bakin kabari.

Yanzu ba zan sake yi miki saurin baki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ni da ikon ce miki in kin miƙa Lai'atu ba abin da zai same ta. Ni na miƙa 'ya'yana duka a majami'ar nan ta kusa da tasha, kuma na binne ɗaya. Ba ki san Zamani ba, kafin a haife ki ne. Yana aji biyu sanƙarau ya ɗauke shi, yaron da ke jirana a bakin dogo ya karɓi hular aikina ya sa a kansa.

Abin da nake so ki ji shi ne abin da ya biyo baya. Na yi fushi da Allah, fushi na gaske. Na daina zuwa sujada har damina ta shiga ta fita. In ina tafiya a kan dogo ni kaɗai, nakan faɗa masa maganganun da ba zan iya rubutawa a takarda ba. Kuma ina faɗa ina jiran bugu, don ni ma an koya mini cewa ba a ɗaga masa murya. Bugun bai zo ba. Gari ya ci gaba da wayewa, gonata ta yi kyau a shekarar kamar ta kowa, matata ta sake haihuwa. Ki gaya mini, da kin faɗa wa Andrawus rabin abin da na faɗa, da kin kwana a gidan?

Ban san dalilin tafiyar Zamani ba har yau, kuma na daina yarda da masu cewa sun sani. Amma a bakin kabarin nan ban ji wani yana leƙen fuskata don ya ga ko na koyi darasi ba. Abin da na ji, daga baya, a hankali, shi ne ba ni kaɗai nake baƙin cikin yaron ba. Iyakar abin da na sani ke nan, ni ba fasto ba ne.

Na sauke rigar na sa a akwati. Kada ki je gaba don ni, ko don Mama Bridget da waƙarta. Ba wanda ke tsaye da bulala yana duba ko kin makara. In za ki iya, abin nan da kika rubuta mini, ki faɗa wa Allah shi kansa, da irin kalmomin da suka zo miki, ko marasa ladabi ne. Sai ki zauna ki gani.

Kawunki da ke ƙaunarki,
Kumai

Kagarko, watan Oktoba

Kawuna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki? Lai'atu ta fitar da haƙori biyu, maganar Mama Bridget ta tabbata, kuma tana gwada su a kaina.

Na yi abin da ka ce. Ina wanki a bayan ɗaki, ita tana kan tabarma, na ce da ƙarfi, "Ina ƙaunar yarinyar nan fiye da yadda nake ƙaunarka. Ga shi na faɗa." Na ci gaba da wankina. Satin nan duka ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Ba abin da ya faru, sai ƙiba da ta ƙara.

Sai kuma ran Lahadi. Gershon ya goge farar rigarsa da dutsen guga na gawayi, don ba wuta, ya sa, ya ɗauke ta yana yi mata wasa. Ta kelaya masa tumbuɗi tun daga kafaɗa har aljihu. Kawu, ban san lokacin da na fizge ta na juya masa baya na duƙa a kanta ba, ina jiran saukar hannu. Hannu bai sauko ba. Can na ji ya ce, "Doreen, ni ne fa." Da na waiga, ya zauna a ƙasa daɓas da rigar a jiƙe, wai don kada ya fi ni tsawo. Ranar ba mu je sujada ba. Na ba shi labarin akuyar, mijina ya yi kuka kamar yaro.

Tsoron bai tafi ba, amma na gaji da ɓuya. Mun ga fasto, an sa Lahadin ƙarshen wata. Ka fito da rigar.

'Yarka,
Doreen

Kagarko, watan Nuwamba

Kawu,

Na gaishe ka, ya jiki? Misbahu ya faɗa mana gwiwa ta kumbura har ba ka iya taka ƙasa, ya ce ya same ka zaune da babbar riga a jiki kana yi wa ƙafarka faɗa. Kada ka damu. Ga man shafawa Gershon ya aiko, kuma in an yi hutu za mu kawo maka ita ka gan ta da idonka. Tun da ba ka zo ba, bari in ba ka labari yadda ya faru.

Coci ya cika. Da aka kira sunanmu, matan zumunta suka tashi da waƙarsu da tulunansu na kiɗa, suka raka mu gaba da rawa. Ni dai ƙafafuna ne ke tafiya. Fastonmu dattijo ne gajere, ya yi wa Gershon tambayoyi ya amsa, ya yi mini na amsa. Sannan ya miƙo hannu biyu.

Hannuwana suka ƙi buɗewa. Ina so, Allah ya sani ina so, amma suka ƙanƙame ta har ta fara mutsu-mutsu. Waƙa ta ƙare, masu kiɗa suka tsaya, ina jin wata tana cewa "Me ya faru?" a baya. Gershon yana gefena bai taɓa ni ba. Na ɗaga ido ina jiran in ga fasto ya haɗe rai. Sai ya matso ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ba mu sauri, 'yata." Ya bar hannuwansa a buɗe, ya ci gaba da jira.

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya a haka ba. Na dubi goshinta, na ce a raina, "Uba." Kalmar ta fito da ƙyar, kamar ƙaya. Na ce, "Ka riga ka san ita ce duka abin da nake da shi. Ga ta." Na sa ta a hannunsa.

Wurin da take kwance a ƙirjina ya yi sanyi nan take. Na rufe ido. Na ji guɗar Mama Bridget, na ji an fara addu'a, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Na tsaya da hannu wofi a gaban jama'a, fuskata a buɗe, hawaye yana zuba, duk wanda ya kalle ni ya san abin da nake ƙauna.

Sai na ji nauyi a hannuna, da ɗumi, da 'yan yatsu suna jan ɗankwalina.

Kawu, tun ina ƙarama nake ganin ana miƙa yara, na san sarai fasto yakan mayar wa uwa ɗanta. Amma ban taɓa sa ran ni ma za a mayar mini ba.

'Yarka,
Doreen